Notin Tsaro

A layin masu gyara babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Me-ya-sa ake ce masa, manya da yara, har matarsa idan ya ƙure ta. Shi ya jawo wa kansa. Ka kawo masa fanka ka ce ta daina juyawa, maimakon ya karɓa ya ce ka dawo jibi kamar kowane mai gyara, sai ya tsare ka da tambaya. Me ya sa ta tsaya? Da safe ta tsaya ko da rana tsaka? Ta yi ƙara tukuna? Wari fa, ka ji wari? A ɗakin sama take ko na ƙasa? Mutum ya zo gyaran fanka, ya koma gida kamar wanda ya fito daga gaban alƙali.

Tun yana ƙarami haka yake. Mahaifinsa ya so ya zama akawu, ya zauna a ofis da farar riga, amma ina! Duk abin da ke da noti a gidan sai da ya ga cikinsa. Ya sha duka a kan agogo, ya sha a kan rediyo, ranar da ya kwance keken ɗinkin mahaifiyarsa kuwa sai da maƙwabta suka shigo ceto. Abin da ya cece shi shi ne yana mayarwa, kuma abin ya tashi. Daga ƙarshe tsohon ya gaji, ya kama hannunsa ya kai shi wurin mai gyara, ya ce ga shi nan, ya je ya kwance na mutane.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana shago ɗaya. Taku huɗu ne tsawonsa, uku faɗinsa, rufin kwano. Akwai tebur da baƙin mai ya riga ya cinye katakonsa, da gwangwanayen madara cike da notina, kowane girma da gwangwaninsa, da sukundireba arba'in da wani abu jere a bango. Bangon hagu na katako ne, a tsakiyarsa akwai wata kafa da hannu zai iya shiga. Bayan kafar nan Dogo yake, abokinsa, mai gyara irinsa, wanda tsawonsa bai kai kafaɗar kowa a layin ba. Ta kafar suke miƙa wa juna filaya da dalma da kofin shayi da baƙar magana. Idan ka tambayi ɗayansu wane kayan aiki ne nasa, wane ne na ɗan'uwansa, sai ya yi dogon tunani.

Da can shaguna goma sha ɗaya ne a layin. Yanzu huɗu suka rage, kuma su huɗun kowa ya san abin da ke tafe. Abin mamakin, wanda ya hana Me-ya-sa sakat, shi ne ba fanka ce ta yi ƙaranci ba. Zafi ƙaruwa yake kowace shekara. A da wata uku ake kuka da shi, yanzu sai a yi wata bakwai mutum bai san inda zai sa kansa ba. Robar hannun filaya har laushi take yi a kan tebur. Gidan da ke da fanka ɗaya ya koma uku. To, zafi ya ƙaru, fanka ta ƙaru, ina aikin gyara ya tafi?

Amsar tana bayan layin, bakin kwalbati, inda tsibin matattun fankoki ya fi shagonsa tsawo. Duk iri ɗaya ne: farare, marasa nauyi, kyawawa kamar ka ajiye a falo don ado. Shekara biyu suke yi su mutu. Masu sayen ƙarfe kan zo su cinna wa tsibin wuta don su ciri waya, baƙin hayaƙi ya rufe layin, kowa ya koma tari. Su kuma masu gyara ba sa iya taɓa su, saboda akwatin injin an ɗaure shi da noti huɗu da ba a taɓa ganin irinsu ba. Kan notin ba tsaga ɗaya ba ce, ba giciye ba, wani rami ne mai kusurwa uku da ɗan tsini a tsakiya. Me-ya-sa ya gwada sukundirebobinsa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ko zauna. Dogo da ba shi da haƙuri ya sa guduma, akwatin ya dare gida biyu, mai fankar ya yi masa tatas a gaban jama'a. Tun daga nan duk wanda ya kawo farar fanka sai a ba shi haƙuri. Kuma tsofaffin fankoki masu nauyi, waɗanda ake gyarawa, ƙarewa suke yi.

Ga abin haushi: autarsa a kamfanin da ke haɗa fankokin take aiki, can ƙetaren gada. Wata ranar hutunta ta biyo ta shago da la'asar ta kawo masa abinci, ta same shi ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, yana leƙen kan noti.

"Auta, zo nan. Ke da kike cikinsu, wannan wane irin shaiɗanin noti ne?"

Ta leƙa, ta yi dariya. "Baba, ai aikina ke nan. Ni nake ɗaure su. Huɗu a kowace fanka, tun safe har a tashi. Notin tsaro ake ce masa."

"Notin tsaro." Ya juya kalmar a bakinsa, fuskarsa ta saki. "Ah to! Ashe suna da tausayi. Don kada yara su buɗe wuta ta ja su ke nan. Dogo, kana ji? Mun yi ta zagin mutane a banza."

"Ina ji," in ji Dogo ta kafa. "Ni ban janye nawa zagin ba."

Auta ta ajiye kwanon, tana ƙunshe dariya. "Baba, wane yaro ne yake yawo da sukundireba? Noti na kullum ma ya ishi yaro."

"To tsaron wa ake yi? Daga wa?"

"Daga kai."

"Ni?"

"Kai da Baba Dogo da duk mai irin hannunku. Fankar ake tsarewa kada ku gyara ta."

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya har katakon yana motsi. Me-ya-sa bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ɗaya, ya jawo mata kujera, ya ce ta zauna. Abincin nan sai da ya huce bai taɓa shi ba.

Me ya sa mutum zai ƙera abu, sannan ya tsare shi daga mai gyara? Auta ta ce an taɓa tara su, wani babba ya nuna musu zane a allo, ya ce fankar da ke shekara ashirin abokiyar gabar kamfani ce, don wanda ya saya sau ɗaya ba zai dawo ba sai ya yi furfura. Me ya sa dole sai ya dawo? Don masu kamfanin suna son na bana ya fi na bara, na baɗi ya fi na bana, in ba haka ba su kwashe jarinsu su kai wani wuri. To in kowa ya riga ya mallaki fanka fa? Shi ya sa dole ta mutu, Baba. Ya sake jefo wata tambayar. Ƙarfen da robar fa, daga ina? Ana haƙowa, ana narkawa, ana ɗorowa a jirgi. Injinan kamfanin da me suke tashi? Da mai, dare da rana, bututun hayaƙinsu ba ya hutawa. Ta ce kuma irin wannan hayaƙin, nasu da na dubban kamfanoni irinsu, shi ke taruwa a sama yana riƙe zafi, abin da ake ce wa ɗumamar yanayi a rediyo.

"Tsaya, tsaya," ya ɗaga hannu. "Wato zafi ya sa a sayi fanka. Ƙera fankar ya ƙara zafi. Zafin ya kashe fankar. A sake saye."

"Haka ne."

"Kuma wanda ya shirya wannan ba mahaukaci ba ne?"

"Da digirinsa, Baba."

Ya daɗe yana kaɗa kai. Ba fushi ne ya fara zo masa ba, gaskiya, sha'awa ce, irin wadda yake ji idan ya buɗe inji ya ga yadda wani haƙori ke tura wani. An ƙera abin da kyau, in ji shi, sai dai an ƙera shi ya ci mutane.

Bai ce Auta ta sato masa bakin injin da take ɗaurewa da shi ba, ya san ana caje su a ƙofa. Kyandir ya narka ya ɗiga a kan notin, ya bari ya daskare, ya ɓamɓaro siffar ramin. Sannan ya zaɓi tsohon sukundireba mai ƙarfen kirki, ya yanke bakinsa, ya ɗauki magagari. Kwana tara yana gugar ƙarfe. Sukundireba uku suka karye a hannunsa. Hudar tsakiyar, inda tsinin zai shiga, ita ta kusa kashe shi. Matarsa ta ce ko a tsakiyar cin abinci yatsunsa gugar iska suke yi. Rana ta tara, wajen ƙarfe sha ɗaya, ya ɗora bakin a kan noti, ya ji ya zauna daram. Ya murɗa. Notin ya yi ɗan ƙara, ya biyo shi.

Abin da ya gani a ciki ya sa shi salati. Wayar koyil, wato naɗin cikin injin, siririya ce kamar gashi, kuma da ya kankare ta sai ga fari a ƙasa, ashe ba jan ƙarfe ba ne, launi aka shafa mata. Irin wannan waya da wuri take ɗaukar zafi. A can cikin naɗin kuma an binne wani fis da bai fi ƙwayar shinkafa ba, wanda ke tsinkewa idan zafi ya kai wani mataki. A ɗaki mai rufin kwano, a zafin yanzu, yaya za a yi bai kai ba? Injin lafiyarsa ƙalau. Wannan ɗan abin kawai ya mutu, shi ne ake zubar da fanka sukutum. Ya canza shi, ya ɗiga mai, ya ɗaure ta da noti na kullum. Minti goma. Fankar ta tashi tana juya kai hagu da dama kamar ba ita ba.

Kafin sati ya zagayo labari ya gama unguwa. Wanda ya jefa tasa a bayan ɗaki ya je ya zaƙulo. Mata na zuwa da biyu biyu, masu shaguna na aiko da su a baro. Me-ya-sa, wanda ya saba yini yana korar ƙuda, sai ga layi a ƙofarsa har bakin titi. Abin da bai taɓa gani ba a shekara talatin da ɗaya.

Tun ranar farko hannun Dogo ya leƙo ta kafa. "Miƙo abin nan in gani."

"Ina aiki da shi, bari in gama."

Kashegari hannun ya sake leƙowa. "Bai gama kyau ba tukuna," in ji Me-ya-sa, "sai na ƙara gyara bakin." Bayan kwana huɗu Dogo ya tambaya karo na uku, cikin wasa, ya ce ko sai ya cike takarda? Me-ya-sa ya yi kamar ƙarar fanka ta hana shi ji.

Kai, ɗan Adam! Mutumin da ya tambayi agogo, ya tambayi rediyo, ya tambayi kamfani guda, bai tsaya ya tambayi kansa ba. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ya ga shaguna bakwai sun rufe a gabansa, ya ɗanɗani layi a ƙofa, zuciyarsa ta ce masa in aka raba ba zai isa ba. Ya ce wa kansa sai wata mai zuwa, idan ya ɗan farfaɗo. Ya ɗaura wa sukundireban igiya ya maƙala a wandonsa. Matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, yau kuma har banɗaki da shi ake shiga? Ko ni ban samu wannan gatan ba."

Dogo bai sake tambaya ba. Wata safiya Me-ya-sa ya ɗago da kofin shayi zai miƙa, ya tarar an rataya kalanda ta wancan gefen, ta rufe kafar. Ya ji abin a ransa, amma akwai mutum shida a tsaye suna jira, sai ya shanye shayin da kansa. Suna gaisawa da safe, lafiya lau, lafiya lau. Bayan wata uku Dogo ya daina buɗewa. Wani dillali ya karɓi shagon, ya shafe shi da farin fenti, ya sa gilashi, ya cika shi da sababbin fankoki a kwali. Ya kuma ɗauki Dogo aikin sayarwa, saboda mutanen unguwa sun san fuskarsa, sun yarda da shi.

Auta ta daɗe ba ta biyo ta layin ba, lokacin zafi ba a ba su hutu. Ranar da ta zo, da murnarta ta shigo. Ta ce a ƙungiyarsu ta ma'aikata magana ta yi nisa. Sun rubuta buƙata cewa a koma noti na kullum da waya mai kauri. Wasu ma sun wuce nan, suna cewa da kamfanin a hannun masu aikinsa yake, tare da masu amfani da kayan, da babu wanda zai zauna ya shirya wa fanka ranar mutuwa. A ƙera kaɗan masu ƙarko, a rage hayaƙi, a rage awannin aiki, masu gyara su zama ɓangaren abin, ba ɓarayin da ake tsaro ba.

Nan take ya hau ta da tambaya. Wa zai yanke shawara idan an saɓa? In an rage ƙerawa, ku dubu nawa za ku yi me? In wani a cikinku ya ga dama ya fi sauran fa? Wasu ta amsa, wasu ta ce ana kan gardama a kai, kuma ba ta ɓoye ba.

"Amma kai ne hujjarmu, Baba," ta ce. "Na tashi a gaban kowa na ce babana da magagari kawai ya buɗe wa layinsu gaba ɗaya. Har tafi aka yi. Guda nawa kuka yi yanzu? Na Baba Dogo ma irin naka ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ta bi igiyar da ke wandonsa da ido har zuwa aljihu. Ta dubi bayan kalandar da ke toshe da kafa. Ta fita ƙofa ta leƙa shagon gilashi, ta dawo a hankali.

"Baba," ta ce, murya ƙasa ƙasa, "kai ma notin tsaro ka sa masa?"

Da duka ta yi masa da ya fi sauƙi. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba a gaban 'yar da ya haifa. Ta ɗauki jakarta ta ce sai an jima, ta fita.

Sati guda ya rufe ƙofa rabi, ya ce wa masu fanka su yi haƙuri. Ya goge guda bakwai, yanzu hannunsa ya san hanya. Ya kai wa sauran shaguna biyun, ya zauna ya nuna musu inda fis ɗin yake ɓoye. Huɗu ya rataya a jikin turken da ke tsakiyar layi, ya ce duk mai so ya ɗauka, ya yi aiki ya mayar, wanda ke son koyon gugar ma ya zo. Mafi kyawun ya ajiye. Ranar Talata da azahar, rana na dukan kwano, ya share hannunsa ya tura ƙofar gilashi.

Dogo na tsaye bayan kanta cikin riga mai tambarin kamfani, ta yi masa yawa. Hannayensa fes, babu ɗigon baƙin mai ko a ƙarƙashin farce. Can ciki mai shagon na zaune yana danna waya, yana ɗago ido jifa-jifa.

Me-ya-sa ya ajiye sukundireban a kan kanta. "Naka ne. Na yi latti, Dogo. Ban kyauta ba."

Dogo ya ɗauka, ya kai shi kusa da ido, ya shafa bakin da babban yatsa. "Ka ci wannan gefen da yawa. Zai yi wata shida ya karye." Ya juya shi. "Kwana tara aka ce ka yi a kan na farko? Da ka nuna min kyandir ɗin nan, da yini biyu ya ishe mu. Ka san na fi ka hannu a magagari."

"Na sani. Ka dawo. Teburina ya ishi mutum biyu."

"Da me? Kayan aikina masu sayen ƙarfe suka ɗora a sikeli." Ya faɗe shi ba tare da ɗaci ba, abin da ya fi ciwo ke nan. "Yara na makaranta, abokina. Nan ko ba komai ƙarshen wata yana zuwa."

Ƙofa ta buɗe. Wata mata ta shigo tana haɗa gumi, goyo a baya, ta rungumo farar fanka. Ta ce jiya fankar ta tsaya, jaririn bai runtsa ba, ita kuma baƙuwa ce a unguwar. Ana gyara irin wannan kuwa, ko sai sabuwa?

Mai shagon ya ajiye wayarsa.

Dogo ya tura sukundireban a hankali ya koma gaban mai shi. Bai dube shi ba. "Irin wannan ba a buɗe ta, baiwar Allah," ya ce. "Ga sababbi nan, zaɓi wadda ta yi miki."

Maganar ta zo wa Me-ya-sa har baki. Taku biyar ne zuwa teburinsa. Amma ya dubi mai shagon, ya dubi rigar da ta yi wa Dogo yawa, ya san in ya buɗe baki yau, a gaban mutumin nan, abincin abokinsa zai sake taɓawa. Ya haɗiye. Yana tsaye matar ta zaɓi fara, Dogo ya ɗaure mata kwalin da igiya, ta fita ta tari mota. Tsohuwar fankar kuwa ta bar ta a bakin ƙofa.

Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya koma shagonsa. Ya kwance noti huɗun, ya zaro fis ɗin, ya sa wani, ya ɗiga mai. Ya jona ta a wuta, ta tashi. Ya fita da gudu har bakin titi yana dube-dube, motar ta daɗe da wucewa, kuma bai san ko layin gidan matar ba. Ya dawo ya zauna. Fankar tana ta juya kai tana hura masa iska, ya rasa yadda zai yi ya kashe ta.